Daga 'Sinners' zuwa faifan garmaho: wa ya koya wa mutanen nan kaɗa jita?

Mai karatu, a wannan watan zan ɗan kauce hanya. Na san ka saba in kawo maka sharhin fim, in yabi wanda ya yi abin yabo, in taɓa wanda ya yi kwaɓa. To, yau ma da fim zan fara, amma ba a nan zan tsaya ba, sai ka yi haƙuri da ni.

Kwanakin baya mu ka zauna da abokai a shagon wani mai tura finafinai a waya, mu ka kalli 'Sinners', fim ɗin da Ryan Coogler ya fitar a 2025. Labarin wasu tagwaye ne, Smoke da Stack, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayin su duka biyun. Sun dawo garin su Clarksdale da ke jihar Misisifi ta Amurka cikin 1932 don su buɗe gidan rawa, su ka ɗauko ɗan'uwan su Sammie, ɗan wani fasto, ya yi masu kiɗa. Yaron ya iya jita har kiɗan sa ya janyo masu matattu masu shan jini. Da fim ya ƙare sai wani a cikin mu ya ce, "Ai dama! Duk makaɗin da ka ga ya gagara, to da aljanun sa." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don ba na son musu a shagon mutane.

Amma wani ɗan abu ya tsaya min a rai. A fim ɗin an gaya wa Sammie cewa jitar da ke hannun sa ta Charley Patton ce, daga baya aka ce masa ƙarya ne, ta mahaifin tagwayen ce. Wane ne wannan Patton ɗin da har ake yin ƙarya da sunan sa don a ƙara wa jita daraja? Na koma gida na neme shi a YouTube. Daga shi na faɗa kan wani, daga wanin na faɗa kan wani, har kuɗin data su ka fara yi min kuka. Abin da na gano shi zan gaya maka, kuma tun yanzu in faɗa: abokin nan nawa bai yi daidai ba, kuma 'yan fim ne su ka ɓatar da shi.

Kiɗan sunan sa buluz, na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Wanda na ke magana a kai shi ne na karkara, wanda aka ɗauka a faifai galibi tsakanin 1926 da ƙarshen shekarun 1930: mutum ɗaya, murya ɗaya, jitar katako ko ta ƙarfe guda ɗaya, ba wutar lantarki.

In ka kunna Patton, abin da zai fara dukan kunnen ka ƙara ce, shuuu, kamar a na suyar ƙosai a bayan mawaƙin. Saura kaɗan in kashe. Ashe akwai dalili. Kamfanin Paramount da ya ɗauke shi tun daga watan Yuni 1929 mallakar wani kamfanin ƙera kujeru ne a jihar Wisconsin, wanda ya shiga harkar faifai don ya samu cinikin akwatunan garmahon da ya ke yi. Da kayan araha su ke buga faifan, tun ya na sabo ma ya na ƙara. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, kamfanin ya daina ɗaukar waƙa a 1932, akasarin uwayen faifan kuma su ka salwanta. Abin da mu ke ji yau an kwafo shi ne daga tsofaffin faya-fayen da aka tsinto a gidajen mutane bayan allura ta gama cinye su. Wanda ya taɓa sauraren kaset ɗin Shata da ya sha hannu ya san yadda abin ya ke: minti biyu na farko ka na jin ƙarar, daga nan kunne ya saba, sai mutumin ya fito fili.

Kafin ka saurare su, ya kamata ka san inda su ke kiɗan, don shi ne ya haifar da salon. An soke bauta a Amurka a 1865, amma jikokin bayi da dama sun ci gaba da zama a gandayen auduga su na noman raba-daidai da masu gona, kullum ƙarshen shekara bashi ke biyo su. Patton a irin wannan gandun ya tashi, gandun Dockery, a yankin da ake kira Delta, tsakanin kogin Misisifi da kogin Yazoo. Daren Asabar ne kawai na leburan gona. Su taru a wani ɗakin katako, a soya kifi, a yi rawa. Ba lasifika, ba mai ganga, ba 'yan amshi. Mutum ɗaya ne zai riƙe ɗaki guda har asuba. Saboda haka dole jitar sa ta yi aikin ganga, ta yi aikin amshi, ta kuma yi kuka irin na ɗan'adam. Waɗannan abubuwa uku su na ke so ka kasa kunne ka ji.

Na farko, babban yatsan hannun dama. Jita tsirkiya shida gare ta, uku masu kauri, uku sirara. Babban yatsa shi ke kula da masu kaurin, shi ne mai gangar. Fara da Mississippi John Hurt, don shi ya fi sauƙin shiga rai. Saurari 'Frankie' ko 'Spike Driver Blues' da ya yi wa kamfanin Okeh a 1928. Yatsan nan ya na tafiya tsakanin tsirkiya biyu, wannan, waccan, wannan, waccan, kamar mata biyu na lugude a turmi ɗaya, ba ya fashi ko sau ɗaya. A saman sa kuma sauran yatsun na zuba karin waƙar a kan sirara. Muryar sa a kwance, kamar dattijo na ba jikoki labari bayan sallar isha, alhali labarin kisan kai ya ke bayarwa. Wannan sanyin shi ya sa waƙar ke da ban tsoro. Blind Blake shi ma da babban yatsa ya yi suna, amma nasa gudu ya ke yi, ya na tsalle ya na riga bugu, har kamfanin sa na tallata shi da cewa jitar sa kamar fiyano ta ke. Saurari 'West Coast Blues' ta 1926. Ni dai ina jinjina wa Blake, amma bai taɓa sa ni yin shiru ba. Gwani ne mai burge ido, Hurt kuwa mai kama zuciya ne. Ra'ayi riga.

Akwai kuma mace a wannan layin, Elizabeth Cotten, mai 'Freight Train'. Bahaguwa ce, sai ta ɗauki jitar na-dama ta juya ta a kife ba tare da ta sauya tsirkiyoyin ba. Sai ya zama manuniyar ta ke lugude a kan masu kauri, babban yatsa na fitar da karin waƙa. Ta yi shekaru ta na aikatau a gidajen mutane kafin duniya ta san ta, kuma sai a 1985 ta samu kyautar Grammy, ta haura shekara 90.

Patton shi daban ne. Ba ya lallashin jita, dukan ta ya ke yi. Ya na marin jikin ta da tafin hannu, ya finciko tsirkiya mai kauri ya sake ta ta yi tas! Waɗanda su ka gan shi sun ce har a bayan ƙeya ya ke kaɗa ta. Nemi 'High Water Everywhere', waƙar da ya yi kan ambaliyar kogin Misisifi ta 1927 da ta raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajen su. Ta cika fuska biyu na faifai, ya na jero sunayen garuruwan da ruwa ya ci da wata murya mai kaushi kamar ya haɗiyi tsakuwa. Ko Bature da ƙyar ya ke gane kalmomin, balle ni da kai. Amma za ka ji ruwan na ƙaruwa a cikin bugun. Mutumin ya rasu a 1934, kuma hoton sa guda ɗaya tak aka sani a duniya.

Na biyu, wuyan kwalba. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafuna da aka jera, su ke yanka sauti hawa-hawa kamar matakala. Muryar mutum kuwa ba ta bin matakala, zamewa ta ke yi, musamman in ya na kuka. To sai makaɗan nan su ka samo dabara: a fasa kwalba a goge bakin wuyan ta a zura a ƙaramin yatsa, ko a riƙe wuƙar aljihu, a riƙa zamar da ita a kan tsirkiya. Nan take jita ta koma kamar goge ko kukuma, waɗanda dama ba su da matakala. W. C. Handy, wani shugaban makaɗan badujala, ya ba da labarin cewa wajen 1903 ya na jiran jirgi a tashar Tutwiler ya ji wani talaka na goga wuƙa a kan jita, kuma bai taɓa jin baƙon kiɗa irin sa ba. Yaran karkara da yawa ma da tsirkiya ɗaya su ka fara: su kwance wayar tsintsiya, su kafa ta a bangon ɗaki da ƙusa biyu, su riƙa goga kwalba.

A wannan fannin mutum biyu zan ba ka. Son House tsohon mai wa'azi ne da ya kasa zaɓa tsakanin coci da gidan rawa, kuma ka na jin wannan kokawar a hannun sa. Akwai bidiyoyin sa na shekarun 1960 ya na 'Death Letter': ido a rufe, hannu na faɗowa kan jitar ƙarfe daga sama kamar mai faskare. Ba tsafta a kiɗan, ya kan ɓata nan da can, amma ba ka iya ɗauke ido. Na biyun shi ne Blind Willie Johnson, makaho mai waƙoƙin coci a titunan Teksas. A ranar 3 ga Disamba 1927 ya ɗauki 'Dark Was the Night, Cold Was the Ground' a birnin Dallas. Minti uku da 'yan kai, kuma babu kalmar kirki ko ɗaya a ciki. Gunji ne kawai da nishi, jita ta fara magana murya ta ƙarasa, murya ta fara jita ta ƙarasa. 'Yan fim sun daɗe da gane darajar ta. Pasolini ya sa ta a fim ɗin sa na 1964 kan rayuwar Annabi Isa, Ry Cooder kuma a kan ta ya gina kiɗan 'Paris, Texas' na 1984. A 1977 aka sa ta cikin faifan zinare da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya. Mai waƙar kuwa ya rasu a 1945 cikin talauci, bayan gobara ta cinye gidan sa ya ci gaba da kwana a kufai. Duniya ke nan.

Na uku, amshi. Baitin buluz yawanci layi uku ne: a faɗi magana, a maimaita ta, sannan a kawo mai warware ta. Tsakanin kowane layi akwai gurbi, inda da a wajen mu ne 'yan amshi za su karɓa. A nan jita ce ke karɓa. Blind Lemon Jefferson, wanda cinikin faya-fayen sa a 1926 ya sa kamfanoni su ka bazama neman makaɗan karkara, ya kan tsayar da bugu gaba ɗaya ya bar jita ta yi doguwar magana, sannan ya dawo lokacin da ya ga dama. Patton a 'A Spoonful Blues' ya kan ƙi faɗin kalmar ƙarshe, ya bar jita ta faɗe ta. Amma gwani na a nan shi ne Skip James na garin Bentonia. Ya na ɗaure tsirkiyoyin sa wani irin ɗauri da ko ba a danna komai ba, in aka shafa su sautin makoki ke fita. A kan wannan ya ke ɗora wata siririyar murya kamar ta mace. Waƙoƙi 18 aka fitar daga zaman da ya yi a Grafton a 1931. Saurari 'Hard Time Killing Floor Blues' da dare kai kaɗai. Ranar da na fara jin ta, sai da na tashi na duba ko na kulle ƙofa.

Yanzu mu dawo kan maganar aljanu. Tatsuniyar ita ce wai Robert Johnson ya je mararraba da tsakar dare, ya miƙa wa Shaiɗan jitar sa ya ɗaure masa, ya ba da ran sa a madadin gwaninta. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne yaron ya mutu a 1938 ya na da shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 kacal da ya ɗauka a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Son House kuma ya sha faɗin cewa ya san shi bai iya komai ba, ya ɓace na wani lokaci, ya dawo ya fi kowa. Hollywood ta ga kasuwa. A 'Crossroads' na 1986 an gina fim guda a kan tatsuniyar, kuma abin haushi, a ƙarshe wani yaro farar fata ne ya kayar da makaɗin Shaiɗan, da kiɗan gargajiyar Turai ma ba buluz ba. A 'O Brother, Where Art Thou?' na 2000 an maida ita abin dariya, aka jingina ta ga Tommy Johnson, wanda dama a kan sa aka fara ba da labarin. 'Sinners' ya fi su mutunta mutanen, amma shi ma ta ƙofar ya shigo.

To ga abin da bincike ya nuna. Lokacin da Robert Johnson ya ɓace, gida ya koma wajen Hazlehurst, ya tare a gidan wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman. Bruce Conforth da Gayle Dean Wardlow sun kawo bayanin a littafin su na 2019. Malamin da ɗalibin kan je maƙabarta da dare su yi ta gwaji, saboda nan ne babu wanda za su hana barci. Sannan ko ba ka karanta littafi ba, kunnen ka zai gaya maka. Jera '22-20 Blues' ta Skip James da '32-20 Blues' ta Johnson. Jera 'Devil Got My Woman' da 'Hellhound on My Trail'. Saurari 'Walkin' Blues' ka tuna Son House. Tafiyar nan ta tsirkiya masu kauri da ke cikin 'Sweet Home Chicago', daga hannun hagun masu fiyano ya ɗauko ta. Yaron ɗan zamanin garmaho ne, ya zauna ya haddace faya-fayen magabata, ya tace su, ya gyara kowace waƙa ta kai kusan minti uku. Shaiɗan dai ba ya sayen faifai. Ita kan ta 'Cross Road Blues' ɗin ba a ambaci Shaiɗan a cikin ta ba. Mutum ne a mararraba ya durƙusa ya na roƙon Allah, ya na tsayar da mota ba wanda ya kula shi, ga rana na faɗuwa. Wanda ya san abin da ke samun baƙar fata in dare ya riske shi a baƙon wuri a Misisifi ta wancan lokacin, ya san ba aljani ya ke tsoro ba.

Abin da ya sa na damu da wannan, mu ma halin mu ne. Da zarar makaɗi ya gawurta sai mu ce iskoki ne ko asiri. Mu na ganin yabo ne, alhali kwace ne. An kwace wa mutum shekarun da ya yi ya na ɓare yatsu, an kwace wa malamin sa suna. Patton ya koya wajen Henry Sloan, Skip James wajen Henry Stuckey, Muddy Waters ya ɗauka daga Son House. Silsila ce kamar ta kowace sana'a. Kuma hujja mafi ƙarfi ita ce abin na iya gushewa. Da wasu samari su ka gano Son House a birnin Rochester a 1964, ya daɗe da ajiye jita har ya manta yadda ya ke kaɗa waƙoƙin sa. Sai da wani saurayi, Alan Wilson, wanda ya haddace su daga faifai, ya zauna ya tuna masa. Aljanin ina ya tafi? A shekarar aka samo Skip James kwance a asibiti a Tunica. John Hurt kuwa a 1963 aka same shi, don ya ambaci ƙauyen su a 'Avalon Blues', wani ya duba taswira ya bi sawu, ya tarar da shi ya na aikin gona shekara 35 bayan faifan sa.

Za ka tambaye ni, shin kiɗan nan namu ne? Na san in ka ji shi za ka tuna kuntigin Ɗanmaraya Jos ko kukumar Garba Supa. Ba kai kaɗai ba ne. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafin sa na 1999 ya nuna cewa siffofi da dama na buluz, irin su mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗa mai tsirkiya da kuma murya mai lanƙwasa, sun fi kama da na yankin mu na Sudan ta yamma da ta tsakiya, har da ƙasar Hausa, fiye da na bakin teku masu manyan ganguna. A fim ɗin Martin Scorsese na 2003, 'Feel Like Going Home', makaɗi Corey Harris ya tashi daga Misisifi har Mali ya zauna da marigayi Ali Farka Toure su ka yi kiɗa tare. Dangantaka akwai ta. Amma kada mu yi saurin cewa kayan mu ne aka sata. Jinin namu ne, wahalar da ta haife shi tasu ce, a gandun auduga da gidan yari da bakin titin jirgi. A bar masu abin su.

In na koma kan 'Sinners', kowa na yabon fitowar nan da Sammie ke waƙa rufin ɗaki ya kama da wuta, makaɗan da da na gobe su ka cika wurin. Ta yi kyau, ba musu. Amma a nan jitar ta nutse cikin hayaniya. Ni fitowa biyu na fi so, duk a cikin mota. Ɗaya inda yaron ya fara kaɗawa shi kaɗai, Stack ya waigo baki buɗe. Ɗayar kuma inda tsoho Delta Slim, wato Delroy Lindo, ke ba da labarin yadda aka kashe abokin sa, magana ta gagare shi, sai ya koma gunji ya na buga hannu. Nan Coogler ya nuna inda kiɗan ya fito, ba tare da mai shan jini ko ɗaya ba. Ina ma masu yi mana kiɗan fim, waɗanda fiyano ɗaya ke yi wa kowa bugu iri ɗaya, za su kalli wurin nan sau biyu.

Shawara ta, kada ka fara da Patton kamar yadda na yi. Fara da John Hurt, ka bi da Blind Willie Johnson, sannan Skip James, sannan Robert Johnson, ka ajiye Patton a ƙarshe lokacin da kunnen ka ya nuna. Sa abin ji a kunne, ka saurari kowace waƙa sau uku: na farko ka bi babban yatsa kawai, na biyu ka bi amshin jita, na uku ka saki jiki. In ka gama, ka rubuto min wanda ya fi kama ka. Abokin nan nawa dai na tura masa Skip James, har yau bai ce min komai ba, amma mai shagon ya ce ya dawo neman ƙari.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.